Fitilar Injin Malam Abdussalam

Malam Abdussalam ya durƙusa a ƙofar direba, kansa a ƙarƙashin sitiyari, yana laluben ramin da ake soka na'urar binciken lafiyar mota yana tsaki. Sau biyu hularsa na faɗuwa yana mayarwa. A na uku sai ya cire ta ya yi jifa da ita kan buhunan geron da ke jibge a gefen rumfar motar, sai ka ce ita ta kunna masa fitilar.

Fitilar dai 'yar ƙarama ce mai ruwan ɗorawa, mai siffar injin, wadda direbobi ke kira cek. Shekararsa huɗu da Korolar nan ba ta taɓa kama masa ba, kuma duk Bukkuyum babu wanda bai sha jin wannan labari daga bakinsa ba. Jiya da safe ya ba ƙanensa Zayyad mabuɗi ya mayar masa da 'yarsa Hafsa makarantar kwana a Gummi, saboda shi yana da jarrabawar da zai tsare. Da la'asar mota ta dawo da fitila a kunne. Zayyad ya fara bayani tun daga ƙofar gida, Abdussalam ya karɓe mabuɗinsa ya shige ciki bai tsaya ji ba.

Da abin ya tsaya nan, da ya kwana ya huce. Amma yau da safe a ƙofar masallaci sai ga Bature mai sayar da taki, wanda idonsa ba ya wuce komai, bakinsa kuma ba ya riƙe abin da idon ya gani. Bayan gaisuwa ya tambaya ko lafiya motar take, domin jiya ya hango ta a layin kanikawa na Gummi, bonet a buɗe, Zayyad na tsaye suna ƙus-ƙus da wani bakanike. Abdussalam ya ce lafiya lau. Ya dawo gida ko kokon safe bai sha ba.

Na'urar ta shige raminta da ɗan ƙas. Ba ta fi ashana girma ba. A Gusau ya saye ta bara, don kada wani bakanike ya sake raina masa hankali, shi da yake koyar da kimiyya a sakandare shekara goma sha bakwai. Ya murɗa mabuɗi ba tare da ya ta da injin ba, ya buɗe manhajar a wayar hannunsa, ya jira. Can sai lamba ta fito, P0135, da ɗan bayani da Turanci a ƙasanta. Bayanin ya ce matsalar tana ga sansar da ke maƙale a wuyan salansa, wadda ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa injin yawan man da zai sha. Wuta ba ta isa gare ta.

Abin da aka rubuta ke nan, ba ƙari. Amma Malam Abdussalam mutum ne mai son hujja ƙwarai, sai dai yakan yanke hukunci tukuna sannan ya fita nemanta. Kalmar salansa kawai ya gani, kansa ya ƙarasa sauran.

A ɗakin malamai an sha ba da labarin. A cikin tukunyar salansa akwai wani abu mai huji-huji kamar saƙar zuma, kanikawa na ce masa indomi. Akwai masu bi suna saye, su daka shi su fitar da wani ƙarfe da aka ce ya fi zinariya daraja. Ka ba yaron banza aron mota, ya shiga gareji a yanke tukunyar a kwashe, a liƙe da walda, ya dawo maka da ita yana murmushi. Sai fitila ta tona asiri. To, a gidan nan wa ya san dakan dutse a fitar da ƙarfe? Wa ya yi shekara shida a ramukan zinariya na wajen Anka? Wa ya taɓa kwance san noman mahaifinsu ya kai kasuwa, ya yi guzurin tafiya ramin da shi, tsohon ya mutu bai sake ganinsa ba?

Wata takwas ke nan da dawowar Zayyad. Ya dawo a rame, da tari, da hannu mai rawa, bayan rami ya rufta da abokinsa yana tsaye yana kallo. Ya dafa ƙafar Inna ya yi mata alkawarin ba zai sake komawa ba. Tun daga nan shi ne ɗebo ruwa, shi ne kiwon awaki, shi ne ɗaukar buhu. Abdussalam yana gani, yana kuma ajiye rabin zuciyarsa a gefe. Jiya ce ranar farko da ya miƙa masa mabuɗin mota.

Ya same su a tsakar gida. Inna na zaune kan tabarma tana tsince wake a faifai, matarsa Rabi na bakin murhu, Zayyad kuma yana tsugune yana ɗinke bakin wani buhu da basilla. Abdussalam ya tsaya a kansa ya ɗaga masa wayar hannun daf da fuska.

"Mi kat tahi yi layin kanikawa?"

Zayyad ya ɗago. Ya ce ai abin da ya so faɗa ke nan jiya. Fitilar ta kama tun kafin su shiga Gummi, bayan sun sauka wani rami, shi ya sa da ya sauke Hafsa ya biya a duba masa, don yana tsoron ta tsaya masa a daji a dawowa.

"Nawa sunka ba ka?"

"Na mi, Yaya?"

"Na indomin da kunka kwashe."

Zayyad ya ajiye basillar a hankali. Ya rantse da Allah ko noti ɗaya ba a kwance ba. Abdussalam ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce na'ura ba ta ƙarya, ga shi an rubuta salansa ɓaro-ɓaro, ko shi ma zai karanta masa ne da ilimin rami? Zayyad ya sake rantsewa. Rabi ta ce Malam ya yi haƙuri ya fara dubawa, ya juya ya watsa mata harara, ta koma ga wutarta.

Daga nan zuciya ta ɗebe shi. Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya tono san noma, ya tono jana'izar da aka yi babu Zayyad, ya tono kunyar da ya sha a gari, da wata takwas na tuwon da ake zubawa ba a tambayi kowa komai ba. Muryarsa ta haura katanga, har awakin suka daina tuƙa. Zayyad ya miƙe tsaye, ya rantse karo na uku, wannan karon da muryar da da kyar ake ji.

"Rantsuwarka ta banza," in ji Abdussalam. "Ɓarawo kake, ɓarawo za ka mutu."

Zayyad ya dubi Inna, ya dubi buhun da bai gama ɗinkewa ba, ya shige ɗakinsa da ke kusa da zaure.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Abdussalam ba. Ɗan fari ne, kunyarsa take ji, tun yana yaro sai dai ta ce kai, da ya girma ta koma Malam. Yau ta ajiye faifan a ƙasa.

"Abdussalam," ta ce, "ka gani da idonka?"

Sunan ya dake shi a ƙirji. Amma mai fushi ko an taɓa shi ba ya nunawa, sai ma ya ƙara shan mur. Ya ce yanzun nan zai kawo mata shaida a hannu, ta ga irin ɗan da take karewa.

Ya koma rumfa ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da bulo biyu, ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa buhu ya kwanta ya shige ƙasa da tocila a baki. Salansar na nan a miƙe daga wuyan injin har baya, tukunyar a tsakiya. Ya haska yana neman sabuwar walda, irin mai ƙyalli da ƙuna a gefe. Babu. Ya bi da yatsa ta sama inda ido ba ya kaiwa, sai busasshen taɓo ya zubo masa a fuska. Notocin sun yi tsatsa sun haɗe da jikin ƙarfen, rabon da sifana ta taɓa su tun kafin motar ta shigo ƙasar nan. Ya ƙwanƙwasa tukunyar ko zai ji ta fayau kamar gwangwanin da ba komai a ciki. Ta amsa masa dim, a cike.

Sai ya ƙara fusata, domin babu abin da ke ƙona ran mai gaskiya a bakinsa kamar hujja ta ƙi ba shi haɗin kai. Ya ce a ransa kanikawan Gummi shaiɗanu ne, ƙila sun shafa taɓo sun ɓoye aikin. Ya kankare taɓon da sifana har ƙarfe ya fito. Tsohon ƙarfe ne, lafiyayye.

Yana nan kwance ya ga ƙafafun Rabi sun tsaya a gefen tayar. Ta ce Zayyad ya fita da jakarsa. Ya durƙusa ya yi wa Inna sallama, ya ce zai bi motar Anka ta bayan azahar, daga can ya hau babur zuwa Tungar Daji wurin mutanensa na da. Inna ta riƙe masa riga, ya zare hannunta a hankali.

"Shi tahi," in ji Abdussalam daga ƙarƙashin mota. "Wa yar riƙe shi?"

Ƙafafun ba su motsa ba. Rabi ta ce shekararta goma sha tara a gidansa ba ta taɓa jin kunyar kasancewa matarsa ba sai yau. Sannan ta tafi.

Ya fito yana huci, bayansa duk ƙasa. Ya sake ɗaukar wayar hannun, ya karanta bayanin, wannan karon har ƙarshe, a hankali, yadda yake tilasta wa ɗalibansa su karanta tambaya kafin su amsa. Ba a ambaci tukunya ba. Ba a ce an cire komai ba. An ce wuta ba ta isa ga sansa. Shi da bakinsa yake faɗa wa 'yan aji huɗu cewa in wuta ba ta isa wuri ba, hanyarta ake fara bi.

Ya buɗe bonet. Sansar na can bayan injin, wuri mai matsi, ya cusa hannu har kafaɗa ya kamo ta. Tana nan daram, ba a taɓa ta ba. Ya bi wayoyinta da yatsu, siraran wayoyi huɗu a cikin rigar roba, yana hawa sama a hankali. Kusan taƙi ɗaya daga sansar sai rigar ta ƙare a hannunsa, ya ji kaushi, ya ji tsinin tagulla ya soke shi. Ya haska. Robar a gaigaye take, gefenta zaƙo-zaƙo. Waya biyu sun tsinke, ta uku tana riƙe da ɗan zare. Wuƙa ba ta yanka haka, filaya ma ba ta yi.

Wani wari ya bugi hancinsa, wanda duk wanda ya taɓa shiga rumbu ya sani. Ya kwance murfin robar da ke kan injin ya ɗaga. A cikin lungun, a wuri mai ɗumi, ga sheƙa nan an shirya ta tsaf da zaren buhu da tsumma da ɓawon wake. Gero ya kai cikin tafi biyu. Kashin ɓera baƙi-baƙi ko'ina.

Abdussalam ya juya ya dubi buhunan da ke jibge har kusa da rufin rumfar, hularsa na kansu.

Tun da daji ya lalace, babu mai barin hatsi a rumbun ƙauye, don ko dai a kwashe ko a cinna masa wuta. Da kaka ta yi, shi ya sa aka kwaso amfanin gonarsu ta wajen Nasarawa Burkullu aka kawo gari. Zayyad ne ya sauke buhunan a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. Kuma Zayyad ne ya ce kada a jibge su kusa da mota, ɓeraye za su biyo, gara a sa su a ɗakin baƙi a kan katako. Abdussalam ya tuna amsar da ya ba shi, kalma da kalma. Ya ce ɗakin baƙi na littattafansa ne, kuma bai nemi shawarar ɗan rami ba.

Ya daɗe a tsaye da murfin a hannu. Fushin bai tafi ba, wurin sauka kawai ya rasa. Ya zagi ɓera, ya zagi Bature, ya zagi wanda ya ƙera mota ya sa mata wayoyi kamar taliya. Ya kai wa buhun gero shuri har babban yatsansa ya amsa. Da ya ƙare waɗanda zai zaga, sai ladanin masallacin unguwa ya kira azahar, ya tuna da motar Anka.

Bai taɓa aiki da sauri irin na ranar ba. Ya yanke wurin da aka gaigaya da filaya ya jefa guntun a aljihu. Ya fere bakin wayoyin, ya samo 'yar waya daga tsohuwar rediyo ya yi ƙari, ya murɗa kowace da 'yar'uwarta, launi da launi, ya naɗe su ɗaya-ɗaya da baƙin salatif. Ya share sheƙar da hannu, ya sauke motar daga jak. Ya goge lambar a manhaja, ya ta da injin. Fitilun allon gaban direba suka kama gaba ɗaya, suka mutu gaba ɗaya, har da mai ruwan ɗorawar. Ya ba ta wuta, ya jira. Ba ta dawo ba.

Ya yi salla a tsaye-tsaye, ya zura riga a kan ƙasar da ke bayansa. Inna na nan inda ya bar ta, waken a gabanta ba ta ƙara tsince ko ƙwaya ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, ta ɗaga masa hannu.

"Ba ni son jin komi. Maido min ɗana."

Tasha ta cika da hayaniyar masu son fita da wuri, don ba mai son la'asar ta same shi a hanyar Anka. Bas ɗin na tsaye, injin na aiki, saura mutum ɗaya. Zayyad yana kujerar baya ta jikin taga, jakarsa a cinya. Ya ga wansa tun daga nesa, bai kau da kai ba, bai kuma yi motsi ba.

Abdussalam ya tsaya a jikin tagar. Duk hanya yana shirya magana mai kyau, amma da ya buɗe baki sai muryar ɗakin aji ta fito. Ya ciro guntun wayar, 'yan ƙwayoyin gero sun manne a jikinsa, ya ɗora a tafin hannu ya miƙa.

"Kusu na," ya ce, wato ɓera. "Kusu yac ci wayar. Na gyara. Sauko mu tahi gida, Inna na jira."

Zayyad ya ɗauki guntun ya jujjuya shi. Ya ce bakaniken Gummi ma haka ya yi zato, amma ba shi da na'ura. Bakaniken ya ce masa ya bari ya liƙe fitilar da salatif ta ciki, mai mota ba zai taɓa sani ba, haka kowa ke yi. Shi Zayyad ya ƙi. Ya ce motar wansa ce, gara ya kai masa ita yadda take.

Matar da ke kusa da shi ta juya tana kallonsu. Abdussalam ya ji kunya ta rufe shi, kunyar kuma ta so ta koma fushi kamar yadda ta saba, ya danne ta da kyar. Ya ce to ai magana ta wuce, an gano gaskiya.

"Ba ta wuce ba, Yaya." Zayyad ya mayar masa da guntun a tafin hannu. "Sau ukku nir rantse maka da Allah gaban Inna, ba ka yarda ba. Sai da kusu yash shaide ni."

Wani mai buhun barkono ya iso, ɗan kamasho ya tura shi ciki ya ja ƙofa. Direba ya buɗe tasa ƙofar zai hau, sai idon Abdussalam ya faɗa kan allon gaban bas ɗin. An manna ɗan baƙin salatif a kusurwa, gefe ɗaya ya ɗago saboda zafi, haske mai ruwan ɗorawa yana leƙowa ta ƙasansa.

Ya kama bakin tagar da hannu biyu. Ya ce in ma tafiyar ce dole, ya sauko shi ya kai shi Anka da kansa, bas ɗin nan ba lafiya gare shi ba, ga fitila nan a kunne. Ya ce ya yi haƙuri. Ya faɗa, da bakinsa, a gaban mutane, har sau biyu.

"Ka gaida Inna," in ji Zayyad. "Ka ce mata buhun da nib bari, saura ɗinki kaɗan."

Bas ɗin ya ja. Abdussalam ya bi shi taku uku ko huɗu, sannan ya saki tagar. Ya tsaya har ya ga ya sha kwanar fita gari.

Ya koma motarsa ya zauna, guntun wayar na dunƙule a hannunsa yana sukarsa. Daga tasha zuwa gida bai fi tafiyar minti biyar ba, Inna kuma tana zaune tana fuskantar ƙofa. Ya murɗa mabuɗi. Fitilun suka kama, suka mutu ɗaya bayan ɗaya, allon ya koma tas, babu abin da yake nunawa.